Daga Lasifika Ɗaya Zuwa Sittin da Huɗu: Tafiyar Sauti a Sinimar Fina-finan Indiya

  Zan yi magana a kan abin da kunne ke ji idan ana haska fim ɗin Indiya a gidan sinima, musamman fina-finan harshen Hindi da ake yi a Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Shekaru da dama fina-finan Bombay sun riƙa cika gidajen sinima a Kano da Kaduna da Jos, galibinsu filaye ne marasa rufi, sauti na fitowa daga wuri guda. Iyayenmu ba sa jin Hindi, amma sun hardace waƙoƙin, kuma da jin murya suna gane ko mawaƙin Rafi ne ko Mukesh. A yau kuwa idan ka duba tallar sabon fim za ka ga an rubuta Dolby Atmos, ko 7.1, ko wani suna mai ƙayatarwa. Abin da nake son mu tafi da shi gida shi ne: fim ɗin Hindi a kan muryar ɗan Adam aka gina shi, magana da waƙa, kuma kowane tsarin sauti ana auna shi ne da irin hidimar da ya yi wa wannan murya. Yawan lasifikoki kaɗai ba ya tabbatar da komai.

Zamanin layi ɗaya

Ranar 14 ga Maris, 1931, aka haska Alam Ara a sinimar Majestic da ke Bombay. Shi ne fim mai magana na farko a Indiya, kuma Ardeshir Irani ne ya shirya shi. Situdiyon nasa yana dab da layin dogo, don haka sai dare ya tsala, jiragen ƙasa sun daina kai-kawo, sannan ake ɗaukar aiki. Ana ɓoye makirufo kusa da 'yan wasa, makaɗa suna rakuɓe inda kyamara ba ta ganinsu, domin hoto da murya da kiɗa a lokaci guda ake naɗarsu. Waƙoƙi bakwai ne a fim ɗin, kuma tun daga ranar waƙa ba ta sake barin sinimar Indiya ba.

A 1935, a situdiyon New Theatres na Kalkata, Nitin Bose ya yi fim ɗin Dhoop Chhaon, inda aka fara naɗar waƙa tun da farko, sannan a kunna ta wurin ɗaukar hoto 'yan wasa su riƙa motsa baki. Wannan dabara ce ta haifar da sana'ar su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi da Kishore Kumar da Asha Bhosle, mutanen da ba a ganin fuskarsu a allo amma muryarsu ce ke sayar da tikiti.

Sautin wancan zamani a jikin zaren fim yake, wani siririn layi ne a gefen hoto. Fitila tana haskawa ta cikinsa, wata na'ura mai jin haske tana mayar da shi lantarki, lasifikar da ke bayan allo tana mayar da shi sauti. Duk ƙura ko ƙarzuwar da ta hau layin sai ta fito kamar ana soya abu, shi ya sa da gangan ake datse siraran sautuka na can sama don a rage wannan shuuu ɗin. Abin da ya rage shi ne tsakiyar sauti, wato daidai inda muryar mutum take zaune.

Masu naɗar sauti na lokacin sun san iyakar kayan aikinsu, sai suka mayar da ɗakin naɗa shi ne na'urar haɗa sauti. Makaɗa hamsin ko fiye suna zaune a zaure guda tare da mawaƙiya. Mai tabla idan ya yi ƙarfi sai a matsar da shi baya, mai sarewa a jawo shi gaba, masu goge a jera su a tsakiya. Idan mutum ɗaya ya yi kuskure a baitin ƙarshe, kowa ya koma farko. Sanannen labari ne cewa a aikin Mughal-e-Azam na 1960, da mai kiɗa Naushad ya buƙaci amsa-kuwwa irin ta fadar sarki, sai ya sa Lata Mangeshkar ta rera a banɗakin situdiyo, inda bango ke dawo da murya. Da layi ɗaya tak aka yi wannan aiki, kuma har yau ana sauraronsa.

Sholay da faɗin allo

Ƙoƙarin farko na faɗaɗa sauti ya zo ne tare da zaren fim mai faɗin milimita 70, ninkin na yau da kullum mai milimita 35. A jikinsa ana shafa layukan maganaɗisu irin na kaset, waɗanda ke iya ɗaukar sauti har hanya shida: biyar a bayan allo, ɗaya kuma a bangayen zaure. Fim ɗin Raj Kapoor na 1967, Around the World, shi ake ƙirgawa a matsayin fim ɗin Indiya na farko da aka haska ta haka. Amma wanda ya bar tarihi shi ne Sholay na Ramesh Sippy, da ya fito ranar 15 ga Agusta, 1975. An ɗauke shi a milimita 35, aka kai shi Landan aka faɗaɗa shi, aka kuma haɗa sautinsa na sitiriyo a can.

Mu tsaya a kan fitowa ɗaya. Dab da ƙarshen fim, Veeru, wato Dharmendra, ya gano cewa kuɗin ƙarfen da amininsa Jai yake jefawa idan za su yanke shawara, fuskokinsa biyu iri ɗaya ne, ma'ana da saninsa Jai ya zaɓi mutuwa don abokinsa ya tsira. Cikin baƙin ciki Veeru ya yi wurgi da kuɗin. A zauren da ke da cikakken kayan aiki, ƙarar kuɗin tana bugun dutse a wannan gefe, ta yi tsalle zuwa wancan, ta gangara tana ƙwal-ƙwal har ta kwanta. Ana ba da labarin cewa wasu 'yan kallo har leƙa ƙarƙashin kujeru suke yi. Wannan shi ne amfanin sautin kewaye idan an yi shi da hankali: ƙaramin abu guda, a daidai lokacin da zuciyar mai kallo take buɗe.

Sai dai kwafin milimita 70 ƙalilan ne, a manyan gidaje irin su Minerva ta Bombay, inda fim ɗin ya yi shekara biyar ana haskawa. Mafi yawan waɗanda suka kalli Sholay, daga ƙauyukan Indiya har zuwa ƙasashenmu, da lasifika ɗaya suka ji shi. Me suka tafi da shi gida? Muryar shugaban 'yan fashi Gabbar Singh, wato Amjad Khan. Har kamfanin Polydor ya fitar da maganganun fim ɗin a faifan garmaho, mutane suka yi ta saye suna hardacewa.

Zuwan Dolby da DTS

Akwai wata alaƙa da mutane da yawa ba su sani ba. Ray Dolby, injiniyan Amurka, ya yi aikin ba da shawara na Majalisar Ɗinkin Duniya a Indiya daga 1963 zuwa 1965, kuma yana barin can ya kafa kamfaninsa a Landan don yaƙi da wannan shuuu da ke ɓata naɗin sauti. A tsakiyar shekarun 1970 kamfanin ya fito da Dolby Stereo, dabarar cusa hanyoyi huɗu, hagu da tsakiya da dama da kewaye, a cikin siraran layuka biyu na gefen zaren milimita 35. Star Wars na 1977 ya sa gidajen sinimar Amurka rububin sayen kayan.

Indiya ta daɗe ba ta bi sahu ba. Shigo da na'urori daga waje yana da tsada da wahala, sannan a shekarun 1980 kaset ɗin bidiyo da satar fasaha sun kwashe masu kuɗi daga sinima, masu gidaje ba su ga dalilin kashe kuɗi ba. Sai bayan an buɗe tattalin arzikin ƙasar a 1991 abubuwa suka sauya. A 1994 Vidhu Vinod Chopra ya fitar da 1942: A Love Story, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin Indiya na farko da Dolby Stereo. Mai kiɗansa R.D. Burman, wanda shi ne ya yi kiɗan Sholay, ya rasu a Janairun shekarar, bai ga fitowar fim ɗin ba.

A daidai lokacin duniya ta riga ta shiga zamanin dijital. Dolby Digital ya fito a 1992 da Batman Returns, DTS a 1993 da Jurassic Park, kamfanin Sony ma ya kawo nasa mai suna SDDS. Da za a miƙo muku guntun zaren fim na ƙarshen shekarun 1990 ku ɗaga shi a haske, kuna iya ganin tsari huɗu a kansa. Tsakanin ramukan da haƙoran majigi ke kamawa akwai ƙananan murabba'ai masu ɗige-ɗige, wannan Dolby Digital ne. Kusa da hoto akwai layuka biyu masu lanƙwasa, tsohon tsari ke nan da ake komawa kansa idan na dijital ya ƙi karantuwa. A gefensu akwai wani siririn layi mai tsinke-tsinke, na DTS ne, amma ba sauti ba ne, ƙidayar lokaci ce kawai da ke gaya wa na'ura inda aka kai, domin shi sautin DTS a faifan CD daban yake zuwa. Can bakin zaren kuma akwai shuɗin layi na SDDS. DTS ya samu karɓuwa sosai a Indiya, musamman a kudu, ta hannun kamfanin Real Image na Chennai, kuma fim ɗin harshen Tamil na 1996, Karuppu Roja, shi ne ya fara amfani da shi.

Waɗannan tsare-tsare su ne suka kawo abin da ake kira 5.1. Lasifika uku suna bayan allo, hagu da tsakiya da dama, allon kuma yana da ƙananan huji da ido ba ya gani daga kujera, ta nan sauti ke ratsowa. Jerin lasifikoki biyu suna bangon hagu da na dama. Ɗigo ɗayan kuma ita ce babbar lasifikar gurnani, mai sa ka ji tsawa ko bugun babbar ganga a ƙirji. Magana kusan dukanta daga ta tsakiya take fitowa. Ku tuna makaɗan fada: komai yawan masu taushi da 'yan amshi, idan muryar shugaban ƙungiya ta nutse a cikin kiɗa, sarki bai ji yabonsa ba, an yi aikin banza. Lasifikar tsakiya ita ce shugaban ƙungiya.

A 1997 aka buɗe PVR Anupam a Delhi, gidan sinimar zamani mai zaure da yawa a gini guda. Ƙananan zaurukan zamani sun fi dacewa da sabon sauti fiye da tsofaffin gidaje masu kujeru dubu da bene da fankoki. Lokacin ya kuma yi daidai da tasowar A.R. Rahman, wanda tare da injiniyansa H. Sridhar suka kawo kiɗa mai hawa-hawa da nauyin gurnani a fina-finai irin su Rangeela na 1995 da Dil Se na 1998.

Muryar wurin ɗauka da muryar situdiyo

Sabon sauti ya tona wani asiri. Tun wajejen shekarun 1960 masu shirya fim a Bombay suka koma ga ƙananan kyamarori masu sauƙin ɗauka amma masu ƙara, ga cincirindon 'yan kallo a wurin aiki, ga darakta yana ba da umarni da ƙarfi ana cikin ɗauka. Sai ya zama al'ada a zubar da sautin wurin, jarumi ya shiga situdiyo daga baya ya sake ɗora muryarsa. A lasifika ɗaya ba a cika lura ba. Amma da iska da kukan tsuntsaye suka fara kewaye mai kallo, sai aka ji muryar jarumin da ke tsaye a sahara tana fitowa tamkar yana cikin ƙuryar ɗaki.

A 2001 fina-finai biyu, Lagaan da Dil Chahta Hai, suka dawo da naɗar murya a wurin ɗauka. Lagaan a busasshiyar ƙasar Kutch aka yi shi, da dubban mutane, kuma dole kowa ya yi tsit idan kyamara ta tashi. A 2009 Resul Pookutty, wanda ya yi karatu a makarantar fim ta Pune, ya samu kyautar Oscar ta haɗa sauti tare da abokan aikinsa biyu a fim ɗin Birtaniya, Slumdog Millionaire. Daga nan mai sauti ya fara samun kujera a teburin manya.

Sauti daga rufi

Daga tsakiyar shekarun 2000 kamfanoni irin su UFO Moviez da Qube suka fara maye gurbin zaren fim da majigin dijital. A cikakken tsarin sinimar dijital sauti yana zuwa ba tare da an matse shi ba, yadda ya fito daga situdiyo. Toy Story 3 na 2010 ya kawo Dolby 7.1, inda aka raba kewaye gida huɗu, gefe biyu da baya biyu, kuma Dum Maaro Dum na 2011 ne ya fara amfani da shi a Indiya.

A 2012 Dolby Atmos ya fito, da sabon tunani gaba ɗaya. A da, mai haɗa sauti yana cewa ne wannan ƙara ta fito daga lasifika kaza. Yanzu yana cewa ta fito daga wuri kaza a sararin zaure, na'urar gidan sinima ita za ta lissafa lasifikokin da za su ɗauke ta, har da waɗanda ke maƙale a rufi. Tsarin yana ɗaukar sautuka har 128 a lokaci guda, yana kuma iya ciyar da lasifikoki 64, kowace da nata. Sivaji 3D na Rajinikanth, a ƙarshen 2012, shi ne na farko a Indiya, fim ɗin rawa na Hindi mai suna ABCD ya biyo baya a 2013. A shekarar ne kuma Kamal Haasan ya fitar da Vishwaroopam da wani tsari na ƙasar Beljiyam mai suna Auro 11.1.

Ga ruwan saman damina, wanda fim ɗin Indiya ba ya rabuwa da shi, ko taron bikin Holi, ko tashar jirgin ƙasa, wannan tsari ni'ima ne. Ga waƙa kuwa sai an yi hattara. Idan aka ɗauki muryar mawaƙiya ana yawo da ita a rufi alhali leɓen jaruma yana kan allo, an rushe yarjejeniyar da aka ƙulla da mai kallo tun 1935, cewa wannan murya ta wannan fuska ce.

Lamba bakwai

Yanzu mu hau ɗakin majigi, domin a nan ne yawancin ɓarna take faruwa. A jikin na'urar sauti akwai makunnin ƙara, kuma ƙa'idar duniya ita ce a ajiye shi a kan lamba 7. A nan aka daidaita kowace lasifikar allo ta ba da desibel 85 da sautin gwaji, tana iya kaiwa 105 a ƙololuwa. A kan wannan ma'auni ake haɗa fim a situdiyo. Amma gidaje da yawa, a Indiya da wajenta, a 5 ko 5.5 suke ajiye shi, saboda tallace-tallace da wasu fina-finan suna zuwa da ƙarar da ke sa 'yan kallo kai ƙorafi. Saukowa daga 7 zuwa 5.5 ragin desibel biyar ne, kuma abin da ke fara ɓacewa shi ne raɗa da magana a hankali.

Shi ma furodusa ya san za a rage masa, sai ya matsa wa mai haɗa sauti ya ɗaga komai, magana da kiɗa da naushi duk su tsaya a sama. Mai gidan sinima ya ji abin ya yi yawa, ya ƙara ragewa. Haka ake ta zagaye. Fim ɗin da aka haɗa bisa ƙa'ida shi ke shan wahala, fim mai hayaniya kuma ya bar mutane da ciwon kai bayan awa uku. A 2024 ƙorafin da aka yi kan ƙarar fim ɗin Tamil mai suna Kanguva ya kai har furodusansa ya nemi gidajen sinima su rage, Resul Pookutty ma ya fito fili ya soki wannan gasa ta ƙara. Ku sani kowane ƙarin desibel uku ninka ƙarfin sauti ne, kuma kunnen da ya lalace ba ya dawowa.

Bayan wannan akwai lasifikar tsakiya da ta fashe ba a gyara ba, da wayar hagu da aka haɗa a dama, da bango marar shafin tsotse sauti mai dawo da kowace kalma sau biyu, da siririn bangon da ke sa gurnanin zauren maƙwabta ya shigo ana tsakiyar fitowar kuka. Duk wannan yana iya faruwa alhali a ƙofa an liƙa tambarin Atmos. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Kammalawa

Mu a nan, yawancin fina-finan Indiya a waya da talabijin muke kallonsu yanzu, da yawa kuma an fassara su da Hausa. Masu wannan sana'a su sani cewa a ƙa'ida ana karɓar kiɗa da ƙarar yanayi daban, ba tare da maganar asali ba, sai a ɗora sabuwar murya a kai. Idan babu wannan, dole a danne dukan sautin duk sanda mai fassara ya buɗe baki, shi ya sa kiɗa ke ta nutsewa yana tasowa.

Ga 'yan'uwana masu shirya fim, kafin ku yi mafarkin lasifikoki a rufi, ku sayi makirufo mai kyau, ku kashe janareta ko ku nisanta shi, ku ba mai ɗaukar sauti ikon cewa a sake, ku kuma saurari aikinku a ƙaramar lasifika kafin ku fitar. Ga masu gidajen sinima, ku riƙa kiran injiniya yana auna zaurenku lokaci-lokaci, ku fara da lasifikar tsakiya. Ga 'yan kallo kuma, kujerar da ta fi daɗin sauti tana tsakiyar layi, wajen kashi biyu cikin uku na tsawon zaure daga allo, domin a nan ake kafa na'urar awo. Idan ba ku jin magana sosai, ko ƙara tana sa ku toshe kunne, ku je ku gaya wa manaja cikin ladabi, kun biya kuɗinku, kuma sau da yawa gyaran bai wuce a murɗa makunni ba.